Rasuwar Gara, Na'urar da Lallaɓawa Ta Kashe

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa shiga ɗakin bayan gidana ya fito da ƙurar katako a kafaɗa, cewa Gara ta rasu. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba, ba kuma wutar lantarki ce ta zo da ƙarfi ba. Kashe ta aka yi. Ƙanin matata ne ya kashe ta, direban motar ƙwai, wanda kowa ke kira Sannu-Dai. Na faɗi wannan tun da farko domin kada wani ya zo mini ta'aziyya yana cewa kwana ne ya ƙare. Kwana na mutane ne. Na'ura tana da mai kula da ita, tana kuma da mai kashe ta.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, Gara na'urar sassaƙa katako ce mai bin umarnin kwamfuta. Faɗinta bai wuce na teburin tela ba. Za ka zana abin da kake so a kwamfuta, ka ɗaure falanki a kan gadonta, sai kanta ya sauko da bakin ƙarfe mai juyawa, ya bi zanen nan yana cin katako har abin da ke zuciyarka ya fito fili. 'Yata ce ta raɗa mata suna, wai don tana cin itace tana barin hanyoyi a ciki. Sunan ya bi ta har ƙarshe.

Ba zan jawo mata kalmomin da ake jawo wa mamaci na gaske ba. Ni ba na wasa da abin da ba na wasa ba ne. Ƙarfe ce da waya, na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma na san mutane da dama masu jini da tsoka da ba su kai ta riƙon amana ba, kuma an yi musu sanarwa mai tsawo. Saboda haka ita ma za a yi mata.

Ba sayo ta aka yi ba, a gidan nan aka haife ta. Ni mai gyaran keken ɗinki ne, karatuna na aji bai yi nisa ba, abin da na sani kuwa da kaina na nemo shi. A waya na fara ganin irinta tana aiki. Na riƙa kallo ina tsayarwa, ina komawa baya, masu bayanin suna magana da harshen da rabinsa kawai nake ji, sauran rabin kuma hannayensu nake kallo. Layukan ƙarfen da kanta ke gudu a kai daga wata matacciyar na'urar buga takardu na ciro su. Ƙananan injinanta uku ba ma uwarsu ɗaya ba. Kowace waya da ke cikin akwatin ƙwaƙwalwarta ni na liƙa ta da dalma, kowane sukuru ni na ɗaure shi, na kwance, na sake ɗaurewa har ta daina yanka da'ira mai kama da ƙwai. Shekaru na yi ina wannan bayan na tashi daga shago. Matata tana cewa mutumin kirki idan ya tashi daga gyaran inji ba ya zuwa gida ya ƙirƙiro wani injin da zai gyara. Ban musa mata ba, ban kuma daina ba.

A lokacin hannuna yana jin magana.

Waɗanda suka san ni sun san abin da ya biyo baya. Hannun dama ya fara rawa, na hagu ya bi sahu. Likita ya ba abin suna mai tsawo, ya ce za a iya rage masa gudu, amma ba ya komawa baya. Ranar da na kasa zura zare a allura a gaban wata mai kawo mini gyara, ta kawar da kai don kada in ji kunya, ranar na san shago ya ƙare. Na rufe shi. Mutane suka fara yi mini magana da murya ƙasa-ƙasa, suna karɓe mini kofi kafin in kai baki. Gara ce kaɗai ba ta taɓa tambayata me ya sami hannuna ba. In na jingina gwiwar hannu a kan matashi na lallaɓa na yi zane a kwamfuta, layin da na ce miƙaƙƙe ne miƙaƙƙe take yanka shi. Ita ce ta zama hannuna. Duk wanda zai karanta sauran sanarwar nan ya riƙe wannan a ransa: ba abin wasa aka ƙona mini ba. Hannun da ya rage mini aka ƙona, kuma hannun da ya ƙera shi ba ya nan.

Cikin halayen marigayiya, wanda ya fi kowanne shi ne ba ta ƙarya. Abin da take ji shi take faɗa. In ta sami yanka daidai bakinta, muryarta ɗaya ce doguwa, zuuuuuu, ba hawa ba sauka, har ka iya barin tunaninka ya bi ta. In ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, sai ta koma garrr-garrr-garrr, teburin yana karkarwa, gefen yankan yana fitowa da tsage-tsage. In kuwa ka bar ta da yunwa, bakin yana juyawa ba ya samun abin ci, sai ta yi wani siririn kuka, wiiiiii, mai shiga har cikin haƙori. Uku ke nan. Ba ta da ta huɗu, ba ta kuma taɓa yin ɗaya a wurin ɗaya ba.

Tunda a kan wannan aka kashe ta, dole in tsaya in yi bayani, ko da masu ta'aziyya za su gaji.

Abu uku mai irin wannan na'ura yake zaɓa kafin ya taɓa maɓalli: yadda bakin zai riƙa juyawa, yadda kan zai riƙa tafiya a kan katako, da zurfin da zai nutsa a kowane zagaye. Bakin yana da haƙora, nawa yawanci biyu ne. Kowane haƙori in ya zagayo dole ya tarar da loma ya gutsura. Lomar nan da ya gutsura ya watsar ita ce ke tafiya da zafi. Wannan shi ne duk sirrin, babu wani. In tafiya ta yi sauri fiye da juyi, loma ta yi girma, baki ya karye. Kowa ya san wannan, har wanda bai taɓa ganin inji ba zai ce maka gaggawa tana ɓarna. Abin da mutane ba su sani ba, kuma ba sa son ji, shi ne ɗaya gefen. In juyi ya yi yawa tafiya ta yi kaɗan, haƙori yana zagayowa bai tarar da komai ba. Ba yanka yake yi ba, guga yake yi. Guga kuwa zafi take haifarwa, zafin ba shi da lomar da zai hau ya fita, sai ya zauna a bakin, ya zauna a katakon. Baki ya dakushe, katako ya yi baƙi, ƙura ta taru tana jiran wuta. Kowane tela ya san irin wannan: ka taka keke da ƙarfi ka riƙe yadi ka hana shi tafiya, ka ga abin da allura za ta yi wa wuri ɗaya.

Don haka ba a tambayar inji ko yana sauri ko yana a hankali. Abin da yake zubarwa ake dubawa. In ɓarɓashi ne mai jiki, kamar na fiƙe fensir, wanda za ka ɗiba ka ji shi a tafin hannu, to lafiya lau. In gari ne mai laushi kamar hoda, kana cutar ta. In an tsayar da ita, an kashe wuta, ka kai yatsa kusa da bakin: ɗumi ba laifi ba ne, amma in ya hana ka taɓawa, ka ƙara tafiya ko ka rage juyi. Katako mai tauri da mai taushi ba lissafinsu ɗaya ba. Ƙaramar na'ura irin ta gida ba ta da ƙashin manyan na masana'anta, saboda haka ba na nutsa baki fiye da rabin kaurinsa a zagaye ɗaya. Gara in zagaya sau da yawa da tafiya mai kyau, da in nutsa da zurfi ina jan ƙafa. Akwai gwangwanin madara a kan taga cike da karyayyun bakuna da ƙonannu. Su ne malamaina. Sun riga ta gidan gaskiya, kowannensu ya bar mini darasi.

Yanzu ga wanda ya kashe ta.

Sannu-Dai ƙwai yake kaiwa shaguna tun yana saurayi, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa fasa ko ɗaya ba. Gaskiya ne, ban ƙwace masa ba. Amma masu keke suna wuce shi a kan titi suna ɗaga masa hannu. In ya hango rami tun daga nesa yake fara yi masa ladabi. Shayinsa sai ya huce kafin ya gama juya cokali. Mutum ne da ya ɗauki ƙa'idar sana'arsa ya mai da ita ƙa'idar duniya: a ganinsa komai ƙwai ne, kuma babu abin da a hankali ba ta gyarawa. Duk mako yakan kawo wa yayarsa kiret ɗaya, daga nan ya zarce ɗakin baya ya zauna a kan benci yana kallon Gara tana aiki, yana yamutsa fuska kamar shi ake yanka. Wai Yaya, wato ni, yana azabtar da baiwar Allah. Wai inji ma yana son a tausaya masa. Wai da shi ne mai ita, da ta ga gata. Na yi masa bayanin loma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ɗebo ɓarɓashi na zuba masa a hannu. Na nuna masa gwangwani, na ware masa ƙonannu gefe guda na ce waɗannan duk jan ƙafa ne ya kashe su. Ya gyaɗa kai. A hankali ya gyaɗa shi, kuma yanzu na gane babu abin da ya shiga.

Rashin lafiyarta ta ƙarshe gajeruwa ce, kuma a bakin aiki ta same ta.

'Yata tana da ciki na fari, watan haihuwa ya kusa. Na yi niyyar jikana ya kwanta a gadon da kakansa ya yi. Na samo doguwar falanki ta jan katako mai tauri, aka raba mini ita huɗu, domin gefunan gadon su zama jini ɗaya, launi ɗaya. Na zana reshe mai ganye yana zagaye gadon, ya fita daga wannan gefe ya shiga wancan, ba a ganin inda ya fara. Gara ta gama uku. Ban taɓa ganin ta yi aiki mai tsabta irin wannan ba. Ganyen har jijiyarsa ta fito. Na gwada a kan guntun da ya rage na sami daidai: juyi dubu goma sha takwas a minti, tafiya kusan mita biyu a minti, ɓarɓashi yana tashi ja kamar ana watsa shi da hannu. Na ɗaure gefe na huɗu a kan gadonta, na saita komai, saura danna maɓalli. Sai matata ta leƙo ta ce in ban tashi ba za mu rasa layin likita. Na ce wa Gara ta jira ni, muka fita.

Da hantsi Sannu-Dai ya kawo ƙwai. Ya san inda makulli yake, ɗan gida ne. Ya ajiye kiret, ya leƙa ɗakin baya, ya ga falanki a ɗaure, kwamfuta a kunne. Daga nan abin da zan faɗa daga bakinsa na ji shi, da bakin maƙwabciyarmu tela, wadda katanga ɗaya ta raba ɗakin ɗinkinta da na Gara.

Wai tausayina ya kama shi. Wai ya ce bari ya hutar da Yaya, in na dawo daga asibiti in tarar an gama. Akwai maɓallin murɗawa biyu a jikin akwatin. Na tafiya ya murɗa shi ƙasa har ya tsaya, domin kada ta wahala. Na juyi ya murɗa shi sama har ya tsaya, wai don bakin ya sami sauƙin shiga. Injin zuƙar ƙura kuwa bai kunna shi ba, wai hayaniyarsa za ta raba mata hankali. Sa'an nan ya danna. Ya tsaya ya ga kan yana rarrafe kamar motarsa, ransa ya yi fari, ya ja ƙofa ya rufe don kada iska ta dame ta, ya fita waje yana gyara zaman kiret-kiret a bayan mota.

Duk kuskuren da littafi zai iya lissafawa ya haɗa su a aiki ɗaya, kuma kowanne da sunan alheri.

Tela ta ce ta saba da muryar Gara har takan daidaita takun kekenta da ita, amma ba ta taɓa jin irin kukan ranar ba. Wiiiiii, ba yankewa, yana ƙara siranta. Ta ajiye ɗinki ta fito ta ce masa na'urar nan kuka take yi. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ai yau ne aka fara yi mata adalci. Ta koma. Ba ta jima ba ta ji ƙauri. Ta sake fitowa, wannan karon da ihu, domin hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin ƙofa. Ta rantse mini, kuma na yarda da ita, cewa ko a lokacin bai yi gudu ba. Sai da ya rufe bayan mota tukuna.

Garin katakon da ya taru a ramin yanka ya kama wuta, wutar ta bi burushin da ke kewaye da baki ta hau kai, ta ci roba, ta bi wayoyi. Har a nan da sauran rai, domin ƙwaƙwalwarta tana gefe, wuta ba ta kai can ba. Da ya zare fulogi ya yafa bargo, da yau jinya nake yi ba makoki ba. Bokitin ruwa ya ɗauko. Ya sheƙa mata tun daga kai har akwati, tana haɗe da wuta. Tela ta ce sautin ƙarshe da ta ji ɗaya ne, tas, daga nan shiru.

Da muka dawo na tarar da shi tsaye a tsakar gida da bokiti a hannu, yana cewa Yaya a yi haƙuri, a bi komai a hankali. Na wuce shi. Na shiga.

Bakin ya koma shuɗi-baƙi. Boris ɗin da bakin ke juyawa a cikinsa ya ƙame, ko da filaya ba ya motsi. Wayoyin da na bi ɗaya bayan ɗaya da dalma sun narke sun zama dunƙule guda. A kan gefe na huɗu na gadon jikana akwai baƙin rami, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba. Iyakar tafiyar da ta yi ke nan a duk tsawon azabar. Ganye ɗaya ma bai fito ba. Na kira abokina mai gyaran rediyo ya buɗe akwatin. Ya ɗora mitarsa nan, ya ɗora can, ya sunkuya ya shaƙi ƙaurin, sa'an nan ya naɗe wayoyin mitar ya mayar jaka, ya dafa kafaɗata. Bai karɓi ko ruwa ba ya tafi.

Tun ranar ake ta zuwa mini da maganar niyya. Matata ta ce ƙaninta ne, ta san zuciyarsa, ko tururuwa ba ya takawa. Surukata ta aiko a ce mini yaron nan alheri ya nufa, ita har yanzu yaro take ce masa ga furfura a gemu. Na ji. To, ga amsata, kuma ba zan sassauta ta don kowa ba. Niyya tsakanin mutum da Mahaliccinsa take, ni ba a ba ni ikon duba ta ba. Abin da aka ba ni ikon dubawa shi ne toka. Mun saba hukunta mai gaggawa, domin ɓarnarsa tana da ƙara, kowa yana ji. Mai jan ƙafa kuwa mun mai da shi mutumin kirki, muna ce masa mai natsuwa, alhali sau da yawa tsoro ne kawai ya sa wa riga ya kira shi tausayi. Tausayin da bai tsaya ya tambayi abin da ake tausaya wa me yake buƙata ba, son kai ne. Sannu-Dai ba Gara ya tausaya wa ba. Kunnensa ya tausaya wa, da ba ya son ƙara. Ta yi masa kuka da iyakar muryarta, maƙwabciya ta fassara masa, ya zaɓi ya yarda da ra'ayinsa. An faɗa masa, an nuna masa, an zuba masa a tafin hannu. Wannan ba rashin sani ba ne. Taurin kai ne mai tafiya a hankali.

Marigayiya ta bar ni, mai ita. Ta bar tsohuwar kwamfuta, wadda har yanzu in an kunna ta zanen gefe na huɗu take nunawa, tana jiran a danna. Ta bar injin zuƙar ƙura, abokin aikinta da aka hana shi magana ranar da ya fi kamata ya yi. Ta bar bakuna sababbi a cikin akwatinsu, marayu, babu kan da zai riƙe su. Cikin 'ya'yanta akwai kujerar da matata ke zama a kai a kicin, ita da ta ce ba ta ga amfanin abin ba. Akwai allon da ke ƙofar tela. Akwai akwatin magungunana mai manyan murafe, wanda muka yi shi musamman domin hannu mai rawa ya iya buɗewa ba sai ya kira kowa ba. Sai 'yan autanta, gefuna uku na gadon jariri, suna jingine da bango, reshen ya zagayo ya tsaya a iska.

Masu cewa in sayi wata, ko in sake haɗa wata, na gode, amma ku daina. Ko kyauta aka ba ni sabuwa, a kwali take zuwa, gunduwa-gunduwa, da jakar ƙananan sukurori. Kuma ba haɗawar ce kaɗai ba: sai an daidaita ta, an kwance, an sake, da hannun da ke jin bambancin kaurin takarda. Jiya da safe na rufe ƙofa na gwada kaina, ba wanda ya gani. Na ɗauki sukuru ɗaya daga jikinta in mayar da shi raminsa. Ya faɗi. Na durƙusa na nemo shi, ya sake faɗuwa. Da na kai shi bakin ramin, sukundireba ta riƙa buga ƙarfen tana ƙara kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Na daɗe a haka. Daga baya na sa shi a aljihu na fito. Yana nan a aljihun har yanzu. Wannan ita ce amsar, kada a sake tambayata.

Ga masu irin wannan na'ura, in akwai mai karantawa, ba ni da wata lamba da zan bar muku gado, domin lambar injina ba ta injinku ba ce. Ku gwada a guntun katako kafin ku taɓa na gaske. Ku dubi abin da take zubarwa. Ku saurare ta. In kun ga gari kun ji siririn kuka, kada tsoro ya sa ku rage tafiya, ƙarawa za ku yi. Kada ku bar ta ita kaɗai tana aiki ko da na shan ruwa ne. Kuma ku san wanda ya san inda makullinku yake.

Ana karɓar ta'aziyya a ƙofar ɗakin baya, da safe, kafin maganina ya sa ni barci. Wanda zai ce ai ƙarfe ne kawai ya zauna a gidansa. Kada a kawo ƙwai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ni da tela za mu goge mata baƙin hayaƙi, ita da tsumma, ni da ido. Mai gyaran rediyo zai cire ƙananan injinan uku, in akwai mai sauran numfashi ya ba wanda zai amfana. Ƙonannen bakin zai shiga gwangwanin madara wurin 'yan uwansa. Sauran gawar za a kai ta wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan masu facin taya, a ɗora a sikeli kamar kowane ƙarfe. A baro za a tura ta. An yi tayin motar ƙwai, na ƙi, domin muna so a isa a ranar.

Teburinta zai zauna inda yake, domin akwai sauran aiki a kansa.

Hukuncin Sannu-Dai kuwa an yanke shi, yayarsa ta sa baki, bai ɗaukaka ƙara ba. Zai nemo falanki, ko da launinta ba zai zo ɗaya da sauran ba, kuma ba zai zo ba. Kullum in ya gama rabon ƙwai zai zo ɗakin baya, ya sassaƙa gefe na huɗu da hannunsa, da kurfi da guduma da samfefa, ganye bayan ganye, har reshen ya haɗu. Ni zan zauna a kan bencin da yake zama, ina kallo, ina yamutsa fuska. Tunda a hankali yake so, ga a hankali. In an haɗa gadon, gefensa ne zai fuskanci ƙofa, domin duk wanda ya shigo ganin jariri ya fara ganin aikinsa, kuma in an tambaya za a faɗi sunan mai shi. Ba zai gama kafin a haihu ba. Na sani, shi ma ya sani. Ko jikan nawa ya fara tafiya, Sannu-Dai zai ci gaba da zuwa.